Guɗar da Na Kai Gidan Inna Tumba

Ba za ni taɓa mantawa da wata Lahadi ba, bayan la'asar, ranar da na ratsa rabin garin Sabon Birni a guje, takalmi ƙafa ɗaya, ina rangaɗa guɗa, mata na biye da ni. Ni fa matar aure ce, uwar 'ya'ya, tela da ake kawo wa ɗinkin biki har daga Unguwar Lalle. (Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.) Amma bari in faro daga kan Luba, domin ba don ita ba, da ko zaure ban leƙa ba.

Luba ƙawata ce tun muna 'yan mata. Ita 'yar Turba, ni 'yar Isa, muka haɗu a gidan Malama Hajo, wata dattijuwa da ke koya wa 'yan mata ɗinki a cikin garin Isa. Keke ɗaya aka haɗa mu a kai, wani tsoho da sai an lallaɓa shi yake tafiya. In tana takawa ni ina riƙe mata yadi, in ina takawa ita tana yi mini dariya, don ɗinkina na farko-farko a karkace yake fita kamar hanyar shanu. Kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana in ruwa ya hana ta komawa gida. Mun sha cewa in mun girma shago ɗaya za mu buɗe, har mun taɓa yin gaba ta wuni guda a kan sunan wa za a fara rubutawa a jikin ƙofa.

Ba mu buɗe ba. Aka kawo ni Sabon Birni gidan miji, ita kuma mijinta ya ɗauke ta suka koma Kaduna lokacin da zaman ƙauye ya fara gagara. Da farko muna waya. Sai aka shiga watannin nan da sabis ya ɗauke a yankinmu, wayata ta lalace da duk lambobin da ke cikinta, ita ma ashe ta sauya layi. Babu faɗa, babu ɓacin rai. Shiru ne kawai ya shiga tsakaninmu, ya yi ta tsawo har ya zama shekaru.

Ran nan ina tsakar gida ina tankaɗe, sai maƙwabciyata Hajiya Rabi, mai talabijin da sola, ta leƙo ta kan katanga.

"Taho ki gani! Wata gasar teloli aka yi, wai har da 'yar Gobir ciki!"

Na je da gari a hannu. Wata tashar Hausa ce ta tara teloli daga jihohi daban-daban a gida ɗaya. Duk mako a ba su yadi, a ƙayyade musu lokaci, alƙalai su duba ɗinki, a sallami mutum ɗaya. Aka nuno wata mata ta sunkuya a kan keke. Ta yi jiki, ta sa gilashi, da a kasuwa muka haɗu wataƙila in wuce ta. Sai ta kai zare baki ta tsinke shi da haƙori, ga almakashi a gefenta. Malama Hajo ta yi duka ta gaji a kan wannan ɗabi'a. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

"Luba ta! Ƙawata ta! Keke guda munka koya!"

Hajiya Rabi ta ce, "To, ki kira ta mana mu gaisa."

Na ce ai ba a barin su da waya a can. (Ban san ko ana barin su ba. Abin da na sani shi ne ba ni da lambar.) Abin haushi kuma, samun lambar ba wuya. Mahaifiyar Luba, Inna Tumba, ta baro Turba ta dawo wurin ɗanta Bello, a nan cikin Sabon Birni, can bayan kasuwar dabbobi. Tafiyar ƙafa ce. Na sha sa hijabi da niyyar zuwa, in kai ƙofa in dawo. Kada a ce sai da aka gan ta a talabijin na tuna da ita. Can ƙasan raina kuma wani tsoro ne: in na kira ta ce, "Wace ce?"

Sai na koma kallon ta duk Lahadi, kamar mai leƙen gidansu ta ɓular katanga. In ta yi dariya in yi, in alƙali ya taɓe baki a kan ɗinkinta in ji kamar in shiga akwatin in shaƙe shi. Wani mako aka tambaye ta inda ta koyi sana'a, ta ce, "A Isa, wurin Malama Hajo, Allah ya jiƙanta." Na miƙa wuya ina jiran sauran maganar. Babu saura. Ranar maigidana ya sha faɗa a kan ya ajiye buta ba a wurinta ba, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ba ni kaɗai abin ya kama ba. Gari duka ya ɗauka. 'Yan kabu-kabu da ko allura ba su iya zura wa zare ba, sai ka ji su a tasha suna gardama kan wuyan riga da yankan hannu. Mutanen Isa na cewa tasu ce, mu muna cewa ai uwarta a garinmu take. Mun daɗe ba mu ji an ambaci yankinmu a talabijin da abin daɗi ba. In an kira sunan garuruwanmu, gaban mutum ne ke faɗuwa. Yanzu ga wata tamu tana tsaye cikin fitilu, ana tafa mata, tana magana da harshenmu ba tare da ta gyara ko kalma ɗaya ba.

Aka yi ta sallamar mutane har ya rage saura biyu: Luba da wani saurayi ɗan Zariya mai suna Nura. Satin ƙarshen nan na yi nafila ba adadi. Ranar Lahadin ɗakin Hajiya Rabi ya cika har ƙofa, zafi kamar gidan burodi, ba mai motsi. Kayan amarya aka ba su. Luba ta fito da wata doguwar riga ruwan zuma, ta yi mata surfani da hannu tun daga wuya har ƙirji, mata suka ɗauki salati. Na Nura ban ma kalla ba.

Mai gabatarwa ya tsayar da su, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Aka rage fitilu, aka sa wani kiɗa mai kama da bugun zuciya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ja numfashi.

"Luba, matso gaba."

Ta matso.

"Kin burge alƙalai. Kin burge Arewa gaba ɗaya. Daga yau babu wanda zai ambaci wannan gasa bai ambaci sunanki ba..."

Nan na tsaya da ji. Guɗa ta kubce mini, na tsallake ƙafafun mutane na yi waje. Na ji Hajiya Rabi tana ƙwala mini kira, "Ke, tsaya! Tsaya mana!" Na ɗauka takalmina take nufi. Wa ke ta takalmi? Duk nauyin da ya hana ni zuwa gidan Inna Tumba ya sauka lokaci guda. Yau ina da dalili. Yau za ni shiga da goshina, ni ce ta farko da za ta yi wa tsohuwa barka.

Mata na leƙowa daga zaure suna tambaya, "Lahiya?" Ina ba su amsa ba tare da na tsaya ba, "Luba ta ci! Ta ci!" Waɗanda ba su da talabijin suka yafa mayafi suka biyo ni. Wata ta fito da tasa tana kaɗawa. Har mai ƙosan bakin hanya ta bar kaskonta ta shigo layi. Da muka zo wurin mai shayi, maza sun haɗa kai a kan wata waya, ɗaya ya ɗago ya ce, "Hajiya, ai..." Na ɗaga masa hannu alamar na sani, na sani. (Allah ya saka masa da alheri, ya yi iya ƙoƙarinsa.)

A zauren Bello na tarar da maza zaune jugum. Na ce a raina, murna ce ta yi musu yawa. Na kutsa cikin gida. Mata cike da tsakar gida a kan tabarmi, an fito da talabijin an ɗora a kan turmi, ba mai cewa uffan. Na hango Inna Tumba a bakin ƙofar ɗaki, waya a kunne, ido jiƙe da hawaye. Na ce, Allah sarki, kukan daɗi. Na durƙusa na kama kafaɗunta, na toshe hanci na sake mata guɗa a cikin ɗayan kunnen.

"Inna, barka! Barka, Inna! Allah ya yi!"

Matar Bello ta dube ni. Yatsa kawai ta miƙa wajen talabijin. Na waiwaya. Nura ne, ya ɗaga kofi sama da hannu biyu, ana zubo masa wasu takardu masu ƙyalli, Luba na can gefe tana tafa masa. Daga baya aka gaya mini kalma ɗaya ta rage wa mai gabatarwa lokacin da na fita: "amma".

Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda na jawo ba su gani ba tukuna. Guɗa na ta shigowa daga zaure, tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da kowace ta iso ta ga abin da ke kan turmi. Mai tasa ce ta ƙarshe. Ta ƙara bugu biyu, ta ɓoye tasar a cikin mayafi. Sai muryar mai ƙosai daga baya:

"Ke, wa kinka ce ya ci? Ni hwa na bar maina bisa wuta!"

Inna Tumba ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafar da ba takalmi, ta juya wajen surukarta.

"Wagga ɗiyar wa ta?"

Ba ta gane ni ba. Ni da na sha furarta a Turba har ba iyaka. Na so ƙasa ta buɗe. Ina ƙoƙarin miƙewa in nemi hanyar fita, sai na ji wata 'yar murya tana fitowa daga wayar da ke hannunta.

"Inna, wa ke guɗa nan?"

"Wata ta, ɗiyata. Ta shigo tana muna barka. Ina ga ba ta ji daidai ba."

"Ba ta wayar, Inna. Duk Gobir mutum guda na sani da guɗarta ke sarƙewa tsakiya awa keke ya cinye zare."

Inna ta miƙo mini. Na karɓa na kara a kunne.

"Ƙawa? Ke ta?"

"Ni ta," na ce.

"To mi kike ma guɗa? Na hwaɗi hwa."

"Ban tsaya na ji ƙarshe ba."

Sai dariya ta fashe a cikin wayar, irin wadda take yi har ta riƙe ciki, har numfashinta ya riƙa tsinkewa. Ni ma na fara, sai tawa ta juye kuka, na zauna daɓas a bakin ƙofa ina yin duka biyun a gaban matan unguwar da ban sani ba. Ta ce kada in damu, ita ta yi kukanta tun watan jiya, don tuni aka ɗauki shirin, aka hana su faɗa wa kowa, yanzu ma ta kira ne ta lallashi Inna. (Wato duk nafilar nan da na yi, bayan an rufe magana na yi ta.) Ta ce ta sa an nemo mata lambata har ta gaji, ta tambayi 'ya'yana, ta tambayi ko har yanzu ɗinkina na karkacewa. Na ce ya miƙe. Ta ce sai ta gani da idonta. Inna Tumba na jin mu, can ta dafa kaina ta ce, "Ashe ke ta! Kin tsuhwa, ɗiyata." Ta sa aka kawo mini ruwa da aron takalmi.

Sati guda gari bai huce ba. A tasha ana cewa maguɗi aka yi mana, a gidan suna ana cewa alƙalan ba su san surfani ba. Wani tsoho a kasuwa ya rantse ba zai ƙara kallon tashar ba, alhali ko rediyo ba shi da ita. Da aka maimaita shirin na zauna na kalli rigar Nura da idon tela. Ta yi kyau, gaskiya. Ban faɗa wa kowa ba, don na riga na jawo wa kaina abin da ya ishe ni. Har yanzu in na tsayar da kabu-kabu, wani zai ce, "Hajiya, yau wa ya ci?" Mai ƙosai kuwa sai da na ɗinka mata zani da riga kafin ta koma amsa gaisuwata.

Luba ta ce za ta zo bayan kaka in hanya ta yi kyau. Kaka ta wuce, wata ma ta wuce, hanyar ba ta yi kyau ba. Muna waya, wani lokaci har kati ya ƙare ba mu faɗi wani abin kirki ba. In mota ta tsaya a bakin layinmu sai in tsinci kaina na ɗaga ƙafa daga kan keke ina saurare.

Na dai koyi darasi: in mutum ya ja numfashi a tsakiyar magana, ni ma sai in ja nawa, in bar shi ya kai aya. Yanzu ko sanarwar ɗaurin aure ake yi, sai an shafa fatiha nake buɗe baki. Sai dai in faɗi gaskiya, da na tsaya na ji "amma" ɗin nan, da gida za ni koma in yi kukana ni kaɗai, da mutuncina, da takalmina ƙafa biyu, kuma da har yau ban ji muryarta ba.