Yadda Na Saci Buhu Ɗari Uku Ina Murmushi

Jama'a, ku taya ni murna, na yi suna! Ranar Litinin na shiga tashar Birnin Kudu zan hau motar Gwaram, sai direba ya kalle ni, ya kalli wayarsa, ya sake kallona, sannan ya ce kowa ya rungume kayansa. Ni Mika'ilu na Kangire, wanda ko kazar maƙwabci ta shigo gidana sai na raka ta gida.

"Malam, ba kai ne wannan ba?" Ya miƙo wayar.

Ni ne kuwa. Buhu a kafaɗa, haƙoran da suka rage mini duk a waje. A ƙarƙashin hoton an rubuta an yi awon gaba da buhun taki ɗari uku.

Ga asalin maganar. Bara da damina wani kwamitin rabon tallafi ya zo garinmu, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Uban Talakawa, Allah ya ƙara masa faɗin babbar riga. Aka ɗora mini buhu, aka ce in yi dariya, aka ɗauki hoto, aka sauke buhun aka mayar mota, wai za a kawo har gida. Yana hanya. Ina jin a ƙafa yake tahowa.

Sai kwamitin ya buɗe shafi a intanet. Tun daga nan duk sanarwar da suka tura WhatsApp, fuskata ce ke fitowa a samanta. An raba babura, ga ni da buhu. Matata Ma'u ta ce, "Malam, ina babur ɗin, ko a wani gidan kake ajiye shi?" An raba injin ban ruwa, ga ni da buhu. Yaya Buba ya bugo daga Gwaram: "Ƙanena, arziki ya zo ka manta da ciki ɗaya?" Gaskiya na ji daɗi da farko. Mai shayi har ƙwai yake ƙara mini. Kallon kitse ake yi wa rogo, ni kuwa rogon na yi shiru.

To yanzu ga sanarwar satar takin kwamitin, ga ni da buhu ina dariya kamar na gama lodi. Kuma shekara goma sha ɗaya makullin siton ƙungiyar manoman garinmu yana aljihuna. Dattawa suka aiko: in ban wanke kaina ba kafin Juma'a, bayan an sauko masallaci in miƙa makulli a gaban jama'a.

Na fasa tafiya Gwaram, na nufi shagon Malam Jamaluddeen mai aikin kwamfuta. Sai da ya gama dariyarsa har da riƙe ciki, sannan ya buɗe shafin. Babu ni a ciki! Ko hulata babu.

"To aljani ne ke manna ni?" na ce.

"Baba Mika, kowane shafi yana da wasu layuka a ɓoye a can samansa, ana ce musu meta tag. Mai karatu ba ya ganin su. Su ke gaya wa WhatsApp da Facebook da injin bincike wane suna, wane bayani da wane hoto za su nuna. Kamar rubutun bayan buhu ne. Wanda ya yi musu aikin ya sa hotonka a shafin farko, sai ya yi ta kwafar layin yana zubawa a kowane shafi."

Ni aji uku na tsaya, amma wannan na gane shi sarai. Wa ke kwance buhu in ya ga rubutu a baya? Da tsadar datar nan, wa zai buɗe shafi? Hoto ake kallo a tura gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tafi ofishin kwamitin. Ma'aikaci na farko ya ce wanda ya yi shafin ya koma Kano. Na biyu ya ce in rubuto takarda. Na uku ya buɗe shafin ya nuna mini cewa ba na ciki, don haka ba ni da ƙorafi. Kwana biyu ina zarya. Ranar Laraba Allah ya haɗa ni da Mai Girma da kansa yana shiga mota. Na zube.

"Ranka ya daɗe, ƙorafi na kawo, amma ba don kaina ba. Kai ke wahala, kai ke rabo, ba ka barci saboda mu, amma duk ƙasar nan fuskar wani baƙauye ake gani a saman aikinka. Har Gwaram cewa ake ni ne shugaba."

Ƙafarsa ɗaya na cikin mota, ya fito da ita.

"Kai ne shugaba? A kira mini yaron Kanon nan yanzu! Kowane shafi, hotona. Kowanne! Kada a bar ko ɗaya."

Jama'a, wa ya ce ba a aiki da sauri a ƙasar nan? Abin da takarda ba za ta yi a wata shida ba, kafin la'asar an gama. Malam Jamaluddeen ya sake turo sanarwar satar a zauren WhatsApp na garinmu. Ga Mai Girma cikin shadda, hannu sama, murmushi har kunne, a ƙasa buhu ɗari uku sun ɓace.

Ranar Juma'a na fito da makulli na miƙa. Liman ya duba waya, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Mika'ilu, mayar da abinka aljihu," ya ce. "Wannan hoton ya fi dacewa da rubutun."

Na ji an kafa kwamiti mai mutum tara don gano wanda ya sa hoton Mai Girma a wurin. Buhunan kuwa, har yau babu wanda ya tambayi lafiyarsu.