Ciyawar Bakin Tagar Desmond

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Desmond Pritchard, mutumin da Allah ya yi wa baiwar ganin daji kaf daga kan kujera.

Aikinsa a gundumarmu ɗaya ne: ya zaga wuraren kiwo da dazukan bishiyar turare, ya duba yadda ciyawa ta bushe, ya sanar da babban ofis. Da rahotonsa ake juya allurar allon nan na bakin gari mai nuna haɗarin gobara. In ta hau sama, ba a ba kowa izinin kunna wuta a gona.

Amma babban mutum ina shi ina ƙaiƙayi? Kowace Litinin sai ya ɗaga labule, ya dubi ciyawar gaban ofis, wadda famfo ke yi wa wanka safe da yamma, ya rubuta: "Kore shar." Shi ya sa muke kiransa Janar Kore-Shar. Shi kuwa ya ɗauka lambar girma ce.

Ana tsakiyar zafin Disamba, lokacin da rana ta fi ƙuna a ƙasarmu, Noelene mai tumaki ta faɗo ofis a fusace. Maƙwabcinta Gavin ya samu izinin ƙona karan alkama, ga rumbun harawarta jikin shingensa, abincin tumakinta na shekara guda.

"Des, don Allah ka fito ka gani! Ko kangaru ya yi atishawa, wajen nan kamawa zai yi."

Janar ya gyara hular da rana ba ta taɓa gani ba. "Noelene, 'yar'uwa, wannan kimiyya ce, ba saƙar safa ba. Ni ciyawa magana take yi mini."

"Wacce? Taka mai shan ruwa fiye da mijina?"

"A gai da tumaki," in ji shi.

Gavin ya ƙyasta ashana. Iskar arewa ta yi masa sauran aikin. Rumbun Noelene ya tafi, shinge ya tafi, allon bakin gari ya ƙone da allurarsa tana nuna lafiya lau. Da ƙyar 'yan sa-kai masu kashe gobara suka tare wutar a bayan makaranta.

Ran Litinin Janar ya fito daji, karo na farko, da sabon takalmi. Ya dubi toka har iyakar gani, ya dubi Noelene tana ba tumaki harawar da maƙwabta suka kawo.

"Kin gani? Babu abin da zai kama. Na faɗa tun farko haɗarin kaɗan ne."

To kai mai karatu, tagar wa ake leƙawa a gundumarku?