Kaset Huɗu a Cikin Leda

Abubuwa da yawa sun fita kaina da tsufa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe durowar ƙarfen nan a gaban mudir, shugaban ofishinmu, ba, ina murmushi, ina jiran a yaba mini.

A lokacin ni farrash ne a ofishin wata ƙungiyar manoma a Damazin, wato mai shara da dafa shayi da kai takarda daga wannan tebur zuwa wancan. Karatuna na allo ne da aji huɗu na boko. Ofishin yana da wata babbar kwamfuta da suke kira sirfa, a wani ɗaki mai sanyi kamar randa, kuma a cikinta aka zuba hotunan taswirar gonaki da takardun iyakokinsu kaf, na ƙauyuka da yawa, har da namu na kusa da Rusairis.

Wadda aka ɗauko ta kula da ita Nafisa ce, ɗiyar marigayi abokina. Ni na yanka ragon sunanta. Ta yi karatun kwamfuta a Madani, kowa yana ce mata bashmuhandisa, wato babbar injiniya, kuma wannan ne aikinta na farko, na gwaji. Ita ta haɗa barnamij, wato manhajar da take kwafe duk abin da ke cikin sirfa ta zuba a kaset bayan an tashi aiki, don in wani abu ya ɓace a samu inda za a ɗebo shi. Kaset biyar ta kawo, kowanne da sunan rana, Lahadi zuwa Alhamis.

"Ammu," in ji ta, don haka take kirana, wato baffa, "ban yarda da kowa a nan ba sai kai. Kullum da safe ka cire na jiya ka sa na yau. Shi ke nan."

Na ce, "Ɗiyata, wanda ya riƙe rumbun gidansu shekara talatin, kaset ne zai gagare shi?"

To, rumbun nan ne ya kai ni ya baro. A gidanmu ba a farke sabon buhun dawa sai tsohon ya ƙare, an juya shi an kakkaɓe. Haka ubana ya yi, haka na tashi na gani. Ranar Litinin na cire kaset ɗin Lahadi, na ɗaga shi na auna a hannu, na ji nauyinsa bai ƙaru ba (ku yi dariya, na yafe muku). Na ce wannan ai bai cika ba, don me za a yage ledar sabo? Kuma na ji ana cewa daga Khartoum ake sayo su da tsada. Sai na goge shi da gefen jallabiyata na mayar.

Wani akwati ya fito a allon kwamfuta da rubutu ja. Na kira Nafisa a waya, don ita sau biyu take zuwa a mako. Ban ce mata tsohon na mayar ba, na dai ce na'ura tana gardama. Ta ce wataƙila don kaset sabo ne, in danna inda aka rubuta muwafiƙ, wato na yarda. Na danna. Gardama ta ƙare. Washegari ma haka, jibi ma haka. Wata uku ina danna muwafiƙ, kaset bai cika ba, har na fara faɗa wa matata Hajiya Sitana cewa akwai wani kaset mai albarka a ofishinmu.

Abin da ban sani ba, kuma sai daga baya aka fahimtar da ni da zane a takarda, shi ne duk ranar da na danna, barnamij yana share abin jiya ya rubuta na yau a kansa.

Nafisa ta fara ganin abin mamaki a rahoton barnamij. Kowace rana yana cewa a kaset guda ya rubuta. Ta tambaye ni, "Ammu, kana canjawa kullum ko?"

Nan ne laifina na gaske. Na ce eh. Ban so yarinyar da na goya ta koya mini tattali ba, kuma ina so a ƙarshen shekara in fito da sababbin nan huɗu kowa ya yi mamaki. Ita kuwa ba ta ko kalli durowar ba, tunda Ammu ya faɗa.

Mako uku tana kokawa da na'ura. Ta cire barnamij ta sake sawa. Ta canja wayar da ke haɗe da na'urar. Ta sa aka sayo kaset na wanke kan na'urar. Ta yi ta magana da mutanen da suka sayar da kayan, da Turanci, har muryarta ta dishe. Ni kuma ina kai mata shayi da na'ana'a ina cewa, "Sannu ɗiyata, kayan Nasara sai haƙuri." Wallahi har zuciyata tausayinta nake ji. Wani lokaci abu yakan ɗan sosa mini rai, in ce anya ba ni ba ne? Sai in ce a'a, me ya haɗa kaset da ke kwance a durowa da ciwon kwamfuta?

Sai ga wata Laraba. Wasu gidaje biyu daga wani ƙauye suka zo da rigimar iyaka, aka buɗe sirfa a duba taswira, aka tarar babu jakar takardun ƙauyen gaba ɗaya. Wani magatakarda ne ya goge ta bisa kuskure ranar Litinin da rana. Mudir ya shigo ɗakin sanyi yana gumi, dattawan gidajen biyu suna bakin ƙofa da sandunansu.

Nafisa ta ce, "Ba komai, ya ustaz. Na Lahadi yana da ita, in kuma ya ƙi, akwai na Alhamis ɗin da ta wuce. Ammu, kawo su."

Ni duk abin da na fahimta shi ne ana neman kaset cikin gaggawa, kuma ni ke da su. Na ce yau ranata ta zo. Na ciro makulli, na buɗe durowa, na jera huɗun a kan tebur suna sheƙi a ledarsu.

"Ga su nan, ya ustaz," na ce. "Ko ƙura ba ta taɓa su ba. Ɗaya kacal na ci wa ofis a wata uku."

Nafisa ta ɗauki na Alhamis ta juya shi, ta ga ledar a liƙe. Ta zauna a ƙasa, a kan siminti, da tobinta, lulluɓinta mai kyau.

"Ammu," ta ce a hankali, "na tambaye ka fa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙo ya ce, "To, sababbin ne za su nuna mana iyakar?" Ni ma a ran nan amsar da nake jira ke nan.

Mudir ya juya kan Nafisa, ya fara maganar cewa dama ya ce a kawo babban mutum daga Khartoum. Sai a lokacin kaina ya waye. Ban gane kaset ba har lokacin, amma na gane aikin yarinyar nan ne zai tafi. Na cire hulata na ce, "Ya ustaz, ta tambaye ni, na yi mata ƙarya. In kora ce, ga ni." Na faɗi maganar buhu da rumbu duka, dattawan suna gyaɗa kai, don su ma haka suke yi a gidajensu.

Allah ya rufa asiri, takardun asali suna cikin sito a buhunan leda. Wata biyu ina ɗauko su a ka, Nafisa tana sake ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Uku gara ta cinye, sai da aka koma gona da igiya da shaidu. An bar ta a aikinta. Ni kuma aka karɓe makullin durowa aka bar mini butar shayi.

Ta yafe mini, amma har yau in ta kira gaisuwa sai ta ce, "Ammu, yau wace rana?" in ce, "Lahadi, ɗiyata, kullum Lahadi."

Tun daga nan, in aka ba ni aikin da ban gane dalilinsa ba, nakan tambaya, ko da mai amsar jikata ce. Buhun dawa kuwa, har gobe ba na farke sabo sai tsohon ya ƙare. Sai dai yanzu nakan faɗa wa Hajiya Sitana gaskiya in ta tambaya.