Tantabarar da Na Yanka a Labo

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba da hantsi, a ƙarshen shekarata ta biyu a sashen nazarin halittu na jami'a. Muna cikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, mu 'yan rukuninmu da Madam mai koyar da ilimin dabbobi, da abokina Sanusi ɗan Malbaza da ke tebur ɗaya da ni.

Dokar sashen a fili take. Wanda muwayen ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na shekara, bai kai goma bisa ashirin ba zai maimaita aji, wanda kuma ya riga ya maimaita sau ɗaya sai ya tattara kayansa. Ni na riga na maimaita. Rubutattun jarrabawoyi sun ajiye ni a bakin goma, saboda haka aikin labo na ranar shi zai yanke hukunci.

Aka ajiye wa kowa tantabara a faranti, an shaƙa mata magani ta yi lamo. Aikin shi ne a buɗe wuya a hankali, a fito da maƙogwaro da hanyar abinci da jijiyoyin jini, kowanne lafiya lau, a nuna wa Madam.

(A nan dole in yi bayani. A gidanmu na Tajaye, tun da idon Baba ya raunana, ni ke yanka. Kaza, zabo, har ragon layya.)

Na taɓa ƙirjin tsuntsuwar, na ji kamar zuciyarta na motsi. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Hannuna ya juya ta gabas, bakina ya yi bisimilla, aska ta wuce. Yanka mai kyau kuwa, irin wanda Baba zai yaba. Duk abin da aka ce in nuna, na raba shi biyu.

Sanusi ya ce a hankali, "Kai, Liman, mi ka yi haka? Suna muka zo?"

Dariya ta fara daga teburinmu ta zagaye labo. Madam ba ta yi ba. Ta zo ta duba farantin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina jijiyoyin da zan ba maki?"

Na nuna mata jini. Abin da ya rage ke nan.

Da na koma gida hutu, na zauna gaban Baba bayan la'asar na faɗa masa komai, har da cewa zamana a sashen ya ƙare. Shi da ya daɗe yana gaya wa mutanen gari ɗansa na karatun likita (ban taɓa samun ƙarfin gyara masa ba), ya gyara zama. Can ya ce, "To su sauran, mushe suka bari?"

Na ce, "E, Baba."

"Allah shi kyauta," in ji shi. Bai ƙara ba, kuma har yau ban san ko da ni yake ko da su ba.

Abin da na koya shi ne hannu ma yana da nasa karatun, kuma ranar jarrabawa ba ya tambayar kai izini. Muwayen ɗina ya tsaya ƙasa da goma. Da aka koma karatu, na yi rajista a sashen aikin gona.