A Kawo Wuƙa Kafin Ta Zama Mushe

Ba zan taɓa mantawa ba da satina na farko a wani gidan namun daji a nan Greensboro. Na so in manta, mutane sun hana.

Ni mahauci ne. Shekara ashirin ina yanka a Gusau kafin na zo ƙasar nan. Na yi dako a wani sito a titin Wendover har bayana ya ƙi. Aikin shara ya rage mini, shi ma gwaji aka ɗauke ni: kuskure ɗaya, a sallame ni. Ranar farko aka ba ni takarda mai bayanin kowace dabba. Na gyaɗa kai, na ninke ta, na sa a aljihu (ban yi boko ba, kuma ban ga dalilin sanar da su ba).

A ɓangarena akwai wata dabba da suke kira sulot. Girman biri, farata kamar lauje, fuska kamar tana maka murmushin raini. Kullum tana rataye a reshe, ƙafafu sama, baya ƙasa. Kafin ta kai ganye ɗaya baki na share rabin fili. Hawainiya a gabanta 'yar tsere ce. Haushinta nake ji. Ina gumi, tana lilo.

Rana ta shida na tarar da ita a ƙasa. Ta rungume gindin bishiya, idanu a lumshe, ƙugu yana karkarwa. Na san wannan. Na gani a akuya, na gani a saniya. Dabbar da ta bar wurinta ta zube tana makyarkyata, tafiya za ta yi. A sana'armu kuwa abu ɗaya ake yi.

Bakina ya riga hankalina. "A kawo wuƙa! Za ta zama mushe!" Da Hausa, da ƙarfi, a gaban jama'a. Na danna ƙararrawar gaggawa, na faɗa cikin kejinta da bokitin ruwa in yayyafa mata (Allah ya rufa asiri, ba wuƙar a kusa).

Masu gadi suka fara kora mutane waje. Baturiyar da ke kula da ita ta iso a guje. Ta dubi dabbar, ta dube ni, ta dafe kai.

"Bayan gida take yi," ta ce.

Wai sau ɗaya a mako take yi. Ko a dajinsu na asali haka suke: ganye ne abincinsu, ba ya ba da ƙarfi, yana kwanaki a ciki kafin ya narke, don haka tattalin motsi suke yi. Shaho ma ba ya lura da abin da bai motsa ba. Saukowar nan ce kasadarsu, a nan damisa ke samunsu. Kuma likitan dabbobi ya yi kwanaki yana jiran wannan kashin don gwaji. Ita kuwa baiwar Allah ta fasa, ta kama hawa. Muka tsaya muna kallonta kamar masu jiran layin asibiti.

Baturiyar ta juyo kaina. "Duk yana cikin takardar da muka ba ka. Kuma me kake ta ihu da yarenku?"

In na faɗi gaskiya, aiki ya tafi. Sai wata murya daga bayana, da Turanci: "Cewa ya yi a kira likita." Hajiya Rabi ce, ta masallacinmu, ta kawo jikokinta kallo. Ta juyo gare ni da Hausa, fuska ba dariya: "Sarkin fawa, da ka yanka, wa zai ci? Ko ka nemo fatawa?"

Ba a kore ni ba. Amma sai da na buɗe baki na ce ban iya karatu ba, abin da na ɓoye shekara tara a ƙasar nan. Baturiyar ta zaunar da ni ta karanta mini takardar, dabba bayan dabba. Sannan ta ba ni sabon aiki: duk mako in jira gimbiya ta sauko ta gama, in kwashe in kai wa likita.

Hajiya ta rufa mini asiri a wurin Turawa kawai. Ranar Juma'a ina cire takalmi wani dattijo ya ce, "Malam A-kawo-wuƙa, ya mai jiki?"

Abin da na koya: in an ba ka takarda, nemi mai karanta maka. Kuma ba duk wanda ya tsuguna yana nishi ne ke bakin mutuwa ba. Wani so yake ka kau da kai.