Muryar Mahaifina da Diskin da Aka Wanke

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Dindindin, masu ƙera ma'ajiyar kwamfuta da manhajar kallon bidiyo, uban masu ajiya, wanda aka buga a jikin kowane kwalinsa cewa kayansa ba sa mantuwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da injinan da ke amsa wayar kamfaninka a madadin mutane, ina neman izini in gabatar da ƴan koke-koke. Ni ba mai yawan magana ba ne. A unguwarmu ta Briqueterie an san cewa ko gaisuwa aka yi mini, sai na ɗan yi nazari kafin in ce lafiya lau. Saboda haka idan ka ga na ɗauki alƙalami, ka tabbata abin ya kai inda ya kai.

Sunana Ilyas. Ilimin duwatsu na karanta a jami'a, wato na saba da abubuwan da ke riƙe labari shekaru aru-aru ba tare da sun nemi a sabunta su ba. Sai dai a danginmu, duk wanda ya taka jami'a an ɗauka ya san kan kowane abu mai waya a jiki, daga rediyo har injin markaɗe. Da wannan hujja aka ɗora mini amana guda: bidiyon marigayi mahaifinmu, yana zaune kan buzu a zaure, yana ba da labarin yadda kakanmu ya taso daga Kazaure da kayan koli da ƴaƴansa ƙanana, ya ratso Yola da Ngaoundéré da Tibati, har ya sauke kaya a nan Yaoundé. Nan ne kaɗai muryar Baba ta rage a duniya. A kaset aka ɗauka, kuma damshin garin nan ya cinye kaset ɗin, amma kafin nan na kai an juye shi zuwa kwamfuta. Ta haka na faɗo hannunka.

Kwanakin baya matar ƙanena Najib ta haifi namiji, aka shirya sa masa sunan Baba. Gwaggo Indo, yayar Baba, wadda ta goya shi a waccan tafiya, kuma ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi ta, ta aiko cewa ranar suna a kunna mata ƙaninta. Idanunta sun yi rauni, kunnenta kuwa ras yake. Muryar take so. Ga yadda kamfaninka ya taimaka mini wajen cika wannan umarni.

Na farko, batun zaɓi. Lokacin da na je sayen ma'ajiya, mai shagon ya baje mini ƴaƴanka a kan kanta, kowanne da nasa aibin da aka rubuta da sunan falala. Akwai diski mai juyawa, mai babban ciki, wanda in ya faɗi sau ɗaya ya yi sallama da duniya. Akwai marar juyawa, mai sauri da shiru, wanda aka ce ranar da zai mutu ma shiru zai yi. Akwai ƴar ƙaramar nan da mu haifaffun nan muke kira kile, ƴan uwanmu da suka zo daga Najeriya suke ce mata filashi, wadda aka ƙera daidai girman da za ta ɓace a aljihun babbar riga. Sannan aka ce akwai gajimare, inda mutum zai ajiye kayansa a sama. Ranka ya daɗe, mu mutanen Yaoundé mun san gajimare. Ba mu taɓa ganin wanda ya riƙe abin da ya ɗauka har yamma ba. Na zaɓi mai juyawa, domin an ce yakan yi nishi kafin ya cika, ni kuma ina girmama majinyacin da ke ba dangi damar zuwa dubiya. Na ƙara da kile ɗaya don kwafi na biyu. Shin akwai dalilin da ya hana ku ƙera guda ɗaya mai dukan halayen kirki, ko kuwa an raba halayen ne tsakaninsu kamar gado, don kada wani ya fi wani?

Na biyu, batun awo. Abin da kwalin ya ce cikin diskin zai ɗauka daban, abin da kwamfuta ta nuna daban, kuma ba ta wajen ƙari aka samu bambancin ba. Na karanta bayaninku cewa ku da kwamfuta kowa da yadda yake ƙirga dubu, kuma na gamsu da shi a matsayina na wanda ya yi lissafi a jami'a. Ina dai sanar da kai cewa masu sayar da hatsi a kasuwar Mokolo, waɗanda ba su kai ku ilimi ba, idan gindin mudunsu ya lotsa sukan yi wa mai saye gyara. Ban ga gyara a kwalinku ba. Wataƙila ya zube a hanya.

Na uku, kuma shi ne babba. Da alama injiniyoyinka sun ƙera diskin nan ne domin mutumin da ke zaune shi kaɗai, ba wa, ba ƙani, ba maƙwabci. A Briqueterie babu irin wannan mutum. A nan abin da ya shiga gida ɗaya ya shiga unguwa. Tukunyar biki, tsani, keken ɗinki, duk yawo suke yi, kuma wanda ya hana aro ya sayi suna har jikokinsa. Da aka ji cewa akwai bidiyon bukukuwan dangi a diskina, sai shi ma ya shiga sahu. Matar yayana, Jiddah, ta aiko daga unguwar Ekoudou tana so ta nuna wa baƙinta na Garoua bikin ƴarta. Na tsara jimlar ƙi mai ladabi a zuciyata, na auna ta ta kowace fuska, kafin in gama aunawa diskin ya kai Ekoudou.

Ta jona shi a talabijin ɗinta, wadda ita ma tambarin kamfaninka ne a goshinta. Sai talabijin ta ce ba ta gane diskin ba. Ƴaƴan uba ɗaya, ranka ya daɗe, amma ba sa jin yaren juna. Ta kuma kawo shawara da Faransanci cewa a goge shi a shirya shi sabo, ta ajiye Oui da Non, wato i da a'a, tare da haska Oui ɗin tun kafin a tambayi kowa. Ba ta ce akwai mamaci a ciki ba. Ba ta ce a kira mai shi ba. Jiddah mace ce mai tarbiyya, wadda ba ta taɓa mayar da tukunyar aro da ƙanzo ba. Kuma a wurinmu ba a mayar da kwano wofi. Saboda haka bayan ta danna Oui, sai ta ɗauki diskin ta kai wa masu tura finafinai, aka cika shi fal har baki, ta naɗe shi a sabon ɗankwali ta kawo da kanta.

"Farfesa, ga kayanka," in ji ta. "Ya ƙi nuna komai, ashe wanki yake so. Na wanke maka shi tas, ga kuma ɗan tukuici a ciki, kada ka ce matar yayanka ba ta san ya kamata ba. Ai na san ɗan boko irinka ba ya rasa wani kwafin."

Na yi godiya, domin abin da ake yi wa mai tukuici ke nan. Mai gyaran da na kai wa daga baya ya ce da an dawo da shi wofi, da ya iya tono abin da aka goge, amma finafinan sun kwanta a kan komai. Wato wankin raunata Baba ya yi, tukuicin ne ya binne shi. Ina tambaya cikin ladabi: a dukan taron da kuka yi kafin ku fitar da wannan kaya, babu ko mutum ɗaya da yake da matar wa?

Na huɗu, takardar garanti. Na karanta ta daga farko har ƙarshe, kuma ina zaton ni ne mutum na farko da ya yi mata wannan karamci. Ta ce kamfani ya lamunci ƙarfen, bai lamunci abin da ke ciki ba. Wannan ya tuna mini da mai gadin da ya yi rantsuwa cewa ƙofar shago ba za ta ɓata ba, kayan ciki kuwa sai yadda Allah ya yi. Ina farin cikin shaida maka cewa ƙarfen yana nan lafiya, yana juyawa cikin nishaɗi, cike da labarin wasu masoya na wata ƙasa da suka kasa yin aure har kashi na ƙarshe.

Na biyar, manhajar kallo. Kile ɗin da na yi kwafi na biyu a cikinta an same ta a aljihun rigar Sallah, bayan ta je wanki da guga ta dawo. Ta rayu, kuma a nan ina yaba muku da zuciya ɗaya. Na gwada ta a kwamfutata da manhajarku, Baba ya fito, ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla. Na rufe, na yi hamdala. Ban san cewa manhajar tana da ɗabi'ar sabunta kanta ba tare da sallama ba, kamar baƙon da ya shigo ya sauya wa mai gida wurin gado.

Ranar suna, bayan an yi addu'a an raba goro, dangi suka taru a falon Najib, har liman ya tsaya don girmama marigayi. Aka zaunar da Gwaggo gaban allo, aka ɗora mata jaririn a cinya. Na danna. Sai manhajarku ta ga ya dace ta fara da tallar man shafawa mai sauya launin fata, tare da wata baiwar Allah da ba ta gama shiri ba aka ɗauke ta hoto. Liman ya sami abin kallo a silin. Bayan nan Baba ya bayyana, da hularsa da carbinsa, bakinsa yana motsi, babu ko ƙwayar sauti. A ƙasa aka rubuta cewa sabuwar manhajar ba ta karɓar tsohon tsarin murya. Ranka ya daɗe, yaushe murya ta fara tsufa? Wa ya yanke cewa maganar dattijo ta daina aiki, kuma a wane zama, ba a gayyaci iyalinsa ba?

 Kowa ya juyo yana duban wanda ya je jami'a. Gwaggo ta tambaya ko ƙanin nata ya fito, aka ce ya fito, magana ce babu. Ta ce to a gaya mata abin da yake yi. Jiddah, wadda tun da ta gane abin da wankinta ya jawo ba ta haɗa ido da ni ba, ta matso ta durƙusa kusa da ita, ta ce yana nuna arewa da hannun dama. Gwaggo ta ce to yanzu suka baro Kazaure, ta kama labarin daga nan. Ta faɗi sunan jakin da ya mutu a Tibati, da matar da ta ba su fura a Yoko ba ta san su ba, da waƙar da mahaifiyarsu take yi idan ƙafa ta kumbura, abubuwan da Baba bai taɓa ambata ba. Da Jiddah ta ce ya buɗe hannuwa biyu yana murmushi, sai Gwaggo ta ɗaga yatsa.

"Ya iso kogin Sanaga ke nan. Nan ne yake cewa shi ya riƙe wa mahaifinmu sanda a kwalekwale. Ƙarya yake yi, Allah ya jiƙansa. A bayana yake, yana tsala ihu, har ya jiƙa mini zane."

Liman ya yi dariya har ya cire tabarau. Baba kuwa yana ta murmushi a allo, ba shi da bakin musu. Wayoyi suka tashi sama suna ɗaukar Gwaggo ba wanda ya ba da umarni, kuma kafin la'asar labarin Gwaggo ya kai Ekoudou da Etoudi da Garoua da Kano. Ina ba injiniyoyinka shawara su yi nazarin wannan tsari na ajiya. Ba ya buƙatar garanti, kuma aron da ya kashe diskinku shi ne yake raya shi.

Da aka watse na durƙusa na ba Gwaggo haƙuri, na yi alkawarin zan nemo muryar ko ta halin ƙaƙa. Ta ce kada in yi gaggawa. Ta ce tun suna yara Gajere, wato Baba, yake katse ta, yau ne kaɗai ya bari ta kai aya.

Saboda haka buƙatata ɗaya ce. Muryar mahaifina tana nan cikin kile, a kulle, mabuɗin yana hannunku. Na san akwai wasu manhajojin a duniya, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma ku kuka sayar mini da alkawarin rashin mantuwa, ku nake tambaya. Ku mayar wa manhajarku kunnen da kuka cire mata. Ba don Gwaggo ba, ita ta sami abin da take so. Don ni ne. Baba yana da yadda yake jan sunana idan zai aike ni, kuma na lura kwanan nan cewa idan na nemi sautin a kaina, sai na daɗe ina nema.

Idan kun gyara, ku sanar da ni a asirce, kada Gwaggo ta ji.

Ina roƙon Allah ya ƙara wa kamfaninka ɗaukaka, ya sa a ajiye tarihinka da na zuriyarka a kan irin kayan da kake sayar mana, ya kuma haɗa ka da dangi masu tarbiyya irin nawa.

Naka mai biyayya, wanda ya danna Oui ga dukan sharuɗɗanka,

Ilyas Alhaji Gajere,
Briqueterie, Yaoundé.