Irin Ya Kaka Ya Gaji da Jiran Tallafinku

Kazaure, 9 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidauniyar Haskaka Manazarta, gatan masu neman digiri na uku, Allah ya ƙara wa kujerarka laushi.

Bayan gaisuwa da fatan an dawo lafiya daga taron bita na ƙasar waje, ina tunatar da kai, ranka ya daɗe, cewa tun shekarar 2011 nake neman tallafinku. Sunana Mu'azzam Hamma, malamin aikin gona a wata sakandare a nan Kazaure. Ni na zo na ɗaya a ajinmu na digiri na biyu, abin da yau ba mai tunawa sai ni. Bincikena a kan tsofaffin irin gero da dawa ne na ƙasar Roni da Gwiwa. Wata tsohuwa, Ya Kaka, ita ta damƙa mini su a ƙullin tsumma, kowanne da sunansa, ta ce in kai su inda ba za su mutu ba. Jami'a ta yi alkawarin ba ni fili da ɗakin sanyi na adana iri duk ranar da na yi rajista. Ga kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya, kun ce sai ma'aikatarmu ta sake ni kafin ku ba ni tallafi. Ma'aikata ta ce sai kun ba ni tallafi kafin ta sake ni. Na yi ta kai da kawowa tsakaninku har direbobin tasha suka fara kirana Dakta. Digirin da na samu ta hanyarku ke nan, kuma na gode.

Na biyu, da kuka koma karɓar buƙata ta intanet, na hau dutse da furfurata, ina ɗaga waya sama, awaki suna kallona. Kafin shafinku ya buɗe, an rufe shi. 'Ya'yan manyan da sunayensu ke fitowa kowace shekara, wane dutse suke hawa? A taimaka a nuna mini shi.

Na uku, kun nemi shaidar farfesa biyu. Ɗaya ya rasu muna jiran amsarku. Kuka rubuto cewa takardarsa ta tsufa, ya aiko da sabuwa. Ban isar masa da saƙon ba tukuna.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. A 2016 kuka sanar cewa wanda ya wuce talatin da biyar ya tsufa da karatu. Abokan karatuna suka nufi kotu, suka yi rantsuwar shekaru, suka fito samari. Sama'ilu, wanda aka yi mana kaciya rana ɗaya, har yau yana talatin da huɗu, jikarsa kuwa tana firamare. Ya samu tallafinku, yanzu Dakta ne. Ni mahaifina magatakardan hakimi ne, da hannunsa ya yi mini rajistar haihuwa a makon suna, ya buga hatimi. Duk ajinmu ni kaɗai na tsufa. Shin gidauniyarku ilimi take tallafawa, ko iya rantsuwa?

Wataƙila ka tambaya me ya hana ni shuka irin da kaina. Gero in aka shuka iri-iri kusa da juna gauraya yake yi, ni kuma gidan haya nake, filina bai wuce shimfiɗar tabarma ba. Manoman da suke da shi sun koma irin gwamnati. Ya Kaka ta rasu tana tambayar ko an kai.

Ba na neman komai yanzu, ranka ya daɗe. Badi zan yi ritaya. Allah ya ja zamaninka, ya sa a ƙara maka wa'adi, tunda kai shekaru ba sa kama ka.

A bana, da ruwan farko, na ari gonar surukina a Roni, na kwance ƙullin nan duka, na shuka. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Naka mai biyayya har kullum,
Mu'azzam Hamma,
Daktan tashar mota, Kazaure.